Menno Simons, Baƙon da Ya Rasa Masauki

In mun bi ta Ƙofar Ɗan Agundi a nan Kano, mukan tuna da labarin da kakanninmu suka ba mu. A zamanin da, in rana ta faɗi sai sarkin ƙofa ya rufe ƙyaure, baƙon da ya makara kuwa ya kwana a bayan ganuwa. A watan nan za mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda aka rufe masa ƙofofin garuruwa shekara 25 saboda bangaskiyarsa.

An haifi Menno Simons a ƙauyen Witmarsum, ƙasar Holan, wajen shekara ta 1496. A 1524 aka naɗa shi firist na Katolika. Shi da kansa ya shaida a lokacin nan ba ya karanta Littafi Mai Tsarki, don tsoron kada ya ɓata. Shakkar da ta kama shi a kan Jibin Ubangiji ita ta sa ya buɗe Sabon Alkawari. A 1531 ya ji an sare kan wani tela, Sicke Freerks, a birnin Leeuwarden, don ya karɓi baftisma yana babba. Menno ya bincika Littafi, bai ga inda aka umurci a yi wa jarirai baftisma ba. Duk da haka ya zauna kan muƙaminsa, yana cin abincinsa lafiya.

A 1535 waɗansu masu sāke baftisma, wajen mutum 300, suka ɗauki makami suka kama gidan sufaye na Oldeklooster. Soja suka hallaka yawancinsu. Zuciyar Menno ta kāshe shi, gama ya ga tumaki sun ɓace don rashin makiyayi, shi kuwa da ya san gaskiya yana ɓoye. A watan Janairu 1536 ya bar gidansa da aikinsa, ya shiga kiwon waɗannan warwatsattun. Ya koya musu baftisma ta mai tuba ce, takobi kuwa ba na mai bin Yesu ba ne.

Tun daga ran nan ya yi shekaru bai sami wurin zama ba. A 1539 aka kashe Tjard Reynders don ya sauke shi a gidansa. A 1542 Sarki Charles na 5 ya sa ladan gulden 100 ga wanda ya kama shi. Matarsa Gertrude da 'ya'yansu suka sha yawo tare da shi daga Holan har arewacin Jamus. Amma Ubangiji ya tsare shi, ba a kama shi ba. Ya rasu ran 31 ga Janairu 1561 a Wüstenfelde, aka binne shi a lambunsa.

Mabiyansa, wato Menonawa, ba su manta ba. A gidajensu iyaye sukan bar wa 'ya'ya gādon wani babban littafi na labarin shahidai, wanda aka fara bugawa a 1660. Wata ekklisiyarsu ce ta aiko A. W. Banfield zuwa Shonga a 1905, shi ne ya juya Littafi Mai Tsarki cikin Nufanci.

To, mu fa, wane labari 'ya'yanmu za su gāda a bakinmu? In mai bi ya zo ƙofarmu da dare, korarre daga danginsa, za mu buɗe masa? Allah ya ba mu zuciya irin ta Tjard. Amin.