Tarihin Florence Nightingale, Baiwar Allah Mai Fitila

A wannan makon na kawo muku tarihin matar da ta mayar da aikin jinya sana'a mai daraja, wato Florence Nightingale.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke tafiya a can, shi ya sa aka sa mata sunan birnin. Iyayenta Turawan Ingila ne masu arziki. Mahaifinta da kansa ya koya mata lissafi da tarihi da harsuna a gida.

Tun tana budurwa ta ce ita jinyar marasa lafiya take son yi. Mahaifiyarta da yayarta suka ce sam ba su yarda ba. A wancan zamani asibitoci ƙazantattu ne, kuma ana ganin aikin nas na matan da ba su da galihu ne, bai dace da 'yar manyan gida ba. An so ta yi aure ta zauna, amma ta ƙi. Shekaru suka wuce tana karanta littattafan kiwon lafiya a ɗakinta. A 1851 ta samu ta tafi Kaiserswerth a Jamus ta yi watanni tana koyon jinya. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Ana cikin haka Ingila ta shiga Yaƙin Kirimiya, inda ita da Faransa da Turkiyya suka yaƙi Rasha. Jaridar The Times ta riƙa buga labarin yadda sojojin Ingila suke mutuwa babu mai kula da su. Sai Sidney Herbert, wani minista mai kula da harkar soja, ya roƙe ta ta je. A watan Oktoba na 1854 ta tashi da mata masu jinya 38, suka isa Skutari, wata unguwa da ke cikin Istanbul a yau, a farkon Nuwamba.

Asibitin da suka tarar tsohon barikin soja ne. Majinyata suna kwance a jere cikin datti, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga wari. Magudanan ruwa da ke ƙarƙashin ginin sun toshe. Sabulu da bandeji da tufafi duk sun yi ƙaranci. Likitocin soja kuma ba su so zuwan matan ba, don haka da farko ba su ba su aiki ba. Florence ta hana matanta taɓa majinyaci sai likita ya yarda. Da aka yi ta kawo masu rauni daga fagen daga har aiki ya fi ƙarfin likitocin, dole suka nemi taimakonsu.

Ta sa aka wanke ɗakuna, ta buɗe wurin wanki, ta gyara girkin abincin majinyata, ta sayo riguna da kayan cin abinci. Tana rubuta wa iyalan sojojin da suka rasu wasiƙa. Da dare idan kowa ya kwanta sai ta ɗauki fitila tana zagayawa tana duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne aka yi mata laƙabi da mai fitila.

Duk da wannan ƙoƙari, sojoji fiye da 4,000 suka mutu a can a lokacin sanyin farko. Yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, cututtuka ne irin su kwalara da atini da zazzaɓin taifod. A watan Maris na 1855 gwamnatin Ingila ta turo kwamitin tsafta. Aka yashe magudanan ruwa, aka gyara yadda iska za ta riƙa shiga ɗakunan, sai mace-macen suka ragu sosai. Ita ma Florence ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a wannan shekara, kuma ciwon bai rabu da ita ba har shekaru masu yawa.

Ta koma gida a 1856, ta gana da Sarauniya Biktoriya. A nan ne lissafin da mahaifinta ya koya mata ya yi rana. Ta haɗa kai da wani masanin ƙididdiga mai suna William Farr, suka tattara adadin sojojin da suka mutu da abin da ya kashe su. Ta zana shi da launuka yadda ko wanda ba ya son lissafi zai gane cewa ƙazanta ta fi abokan gaba kisa. Wannan ya taimaka aka gyara barikoki da asibitocin soja.

Ta rubuta littafi mai suna Notes on Nursing, inda ta yi bayanin muhimmancin iska mai kyau, ruwa mai tsafta, hasken rana, abinci, da yawan wanke hannu. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. Yawancin wannan aiki tana kwance a gadon ciwo ta yi shi. Wata 'yar Nijeriya, Kofoworola Abeni Pratt, ta yi karatu a wannan makaranta, daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta Nijeriya.

Florence ta rasu a Landan ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Har yanzu ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

'Yan uwa, cututtukan da suka kashe sojojin Skutari suna nan har yau, musamman kwalara da damina. Mu riƙa wanke hannu da sabulu bayan mun fito daga banɗaki da kafin cin abinci, mu kuma girmama nas-nas idan mun je asibiti. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.