Abubakar Imam: Malamin Da Ya Haifi Ruwan Bagaja Daga Littattafan Zaure

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami, ko a nan Zongon Lome ko a Kano, ya ji sunan Maƙamatul Hariri. Littafi ne mai tsauri, ba a ba ɗalibi shi sai ya yi nisa a Larabci. To, da yawa ba su san cewa daga cikinsa ne ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko ya samo ƙashin bayansa ba.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta Najeriya a yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, don haka ya fara da allo da littattafan Larabci kafin ya shiga boko. Daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, ya fito malami, ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 wani Bature, Rupert East, mai kula da ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Abin fa sabo ne. Malamai sun saba rubuta wa'azi da waƙa da tarihi, amma ƙago labari, wannan ai tatsuniya ce ta mata da yara. Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga da Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar.

Ina saurayi zai samo hanyar da ba wanda ya share masa? Sai ya waiwayi abin da ya karanta. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya gina maƙama 50 a kan mutum biyu: Harisu mai ba da labari, da Abu Zaidu mai wayon tsiya, suna ta haɗuwa gari bayan gari. Imam da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a kan waɗannan biyun ya ɗora Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yawon duniya da gamuwa da aljannu kuwa, wanda ya san Dare Dubu Da Ɗaya zai ji ƙamshinsa.

Amma fa bai kwafa ba. Gwarzonsa ɗan Kwantagora ne, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke liman, mijin uwarsa, daga kunyar da aka ba shi a fada. Kasuwa da fada da gidan alƙali duk namu ne, barkwancin ma namu. Hariri ya tara kalmomi masu wuya don masana. Imam ya sauko da zancen yadda ɗan firamare zai karanta yana dariya.

Wannan hanya ya bi a Magana Jari Ce, littafi uku, inda ya ɗebo labaran Gabas da Turai ya sa a bakin aku. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981, Allah Ya jiƙansa.

Yaranmu na Zongo suna karatu da Faransanci, suna islamiyya da Larabci, suna hira da Hausa a gida. Wasu na son rubutu, amma suna ganin ko dai su ƙirƙiro komai daga kansu, ko su kwaikwayi Turawa tsaf. Imam bai yi ko ɗaya ba. Ya karanta har littattafan suka zauna masa, sannan ya rubuta mutanen da ya sani. Mai son fara nasa, ya fara da karatu, ya kuma buɗe kunne a kasuwa da ƙofar masallaci.