Manfaluɗi: Marubucin da aka zarga da cinikin hawaye

An haifi Mustafa Luɗfi Manfaluɗi a 1876 a garin Manfaluɗ da ke yankin Asyuɗ na ƙasar Masar. Ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, sannan ya shiga Azhar, inda ya zauna gaban Shehu Muhammad Abduh. Da waƙa ya fara suna: a 1897 ya tsara wata ƙasida da ta soki sarkin Masar Abbas Hilmi na Biyu, aka ɗaure shi wata shida.

Daga baya ya karkata ga rubutun zube a jaridar Al-Mu'ayyad. An tattara maƙalunsa a littafin An-Nazarat, sai kuma Al-Abarat, wato Hawaye, a 1915. Bai iya Faransanci ba. Abokai ke fassara masa labaran Faransa, shi kuma ya sake musu tufafi da Larabci mai daɗin ji. Maraya, matalauci, masoyan da aka raba da macen da duniya ta juya wa baya, su ne jama'arsa, kuma galibin labaransa a bakin kabari suke ƙarewa.

Wannan ne ya jawo masa suka. A 1921, cikin littafin Ad-Diwan, Abbas Aƙƙad ya tasa mawaƙi Ahmad Shauƙi a gaba, Ibrahim Mazini kuwa ya kama Manfaluɗi. Hujjar Mazini ita ce kukan ya yi yawa har ya zama sana'a: ana tara kalmomin ƙarfafawa domin a matso ƙwalla, ba tare da zurfin tunani ba, kuma irin wannan adabi rauni yake koya wa matasa.

Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta raba shi da masu karatu ba. Shi ne ya taimaka wajen sauke wa zuben Larabci nauyin saja'i, ya kusanto da shi ga talaka, har matasa irin su Najib Mahfuz suka tashi da karatunsa.

Ya rasu a watan Yulin 1924, daidai lokacin da aka harbi Firaminista Sa'ad Zaglul ya ji rauni. Hankalin Alƙahira ya koma can, sai mutane kaɗan suka raka gawar mutumin da ya sa dubbai kuka. Shauƙi, abokin shan sukarsa, ya yi masa waƙar makoki.