Labarin Emil Reno, Wanda Ya Fara Sa Zane Ya Yi Tafiya a Majigi

Yau da wuya a sami yaron da bai san majigin zane ba, watau wanda su ke kira katun, inda za ka ga ɓera ko zomo an zana shi da alkalami amma yana gudu yana tsalle kamar mai rai. Samarinmu da dama sun fara koyon wannan sana'a da kwamfuta. Amma in ka tambaye su wanda ya fara ta, galibinsu sai su ce Walt Disney na Amurka. To, ba shi ba ne. Shekara tara kafin a haifi Disney, wani Bafaranshe ya riga ya tara mutane a birnin Faris yana nuna musu zane mai motsi a jikin farin ƙyalle. Sunansa Émile Reynaud, ana faɗinsa Emil Reno.

An haife shi ran 8 ga watan Disamba, 1844, a Montreuil, wani gari da ke gab da Faris. Ubansa gwanin gyaran agogo ne, yana kuma sassaƙa lambobin girma na ƙarfe. Uwarsa kuwa malamar makaranta ce da ta iya zane da ruwan launi. Ba su sa shi makaranta ba, a gida suka koyar da shi, uban ya ba shi sanin ƙarafa da haƙoran inji, uwar ta ba shi zane. Wanda ya duba abin da ya yi daga baya zai ga gadon nan biyu ne ya haɗa wuri guda.

Yana da shekara goma sha uku ko sha huɗu aka kai shi koyon aiki wurin masu ƙera kayan awo da madubai, daga nan ya koyi ɗaukan hoto. Cikin 1864 ya zama yaron wani malamin Kirista, Moigno, wanda ya shahara wajen yi wa jama'a lacca a kan ilmin kimiyya da fitila mai jefa hoto a bango. Wannan fitila ita ce uwar majigi, daga sunanta na Ingilishi ma muka sami kalmar majigi. Reno shi ke lura da fitilar, yana sa hoto yana cirewa daidai da maganar malaminsa. A nan ya fara sanin halin 'yan kallo, abin da ke riƙe hankalinsu da abin da ke sa su hamma.

Da ubansa ya mutu cikin 1865, sai shi da uwarsa suka koma garin Le Puy, ƙasar dangin uban. Can ya sami wani likita ɗan'uwansu mai littattafai da yawa, ya duƙufa yana karatu. Daga 1873 zuwa 1877 shi ma ya riƙa yi wa mutanen garin lacca da fitila.

Kafin zamaninsa an riga an gane cewa in aka nuna wa ido hotuna masu kama da juna, ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ya ga kamar abu guda ne ke motsi. Tun wajen 1832 wani masani na Beljiyam, Plateau, ya yi faifai mai juyawa bisa wannan dabara. Daga baya aka yi wani abin wasa kamar ganga mai tsagogi, ana leƙa zanen ta cikinsu. Aibinsa shi ne hoton ya kan fito da duhu, a matse kuma. Cikin 1876 Reno ya yi dabara ya kawar da tsagogin, ya dasa madubai goma sha biyu a tsakiyar gangar, kowanne yana fuskantar zane ɗaya. In an juya, sai ka ga hoton cikin madubi garau, da haskensa. Ya sa masa suna Praxinoscope, ya yi rajistarsa cikin 1877, ya koma Faris yana ƙerawa yana sayarwa. Abin ya karɓu ƙwarai wurin iyayen yara, har aka yaba masa a babban nunin kayan duniya na 1878.

Wani da ya sami wannan kasuwa sai ya zauna ya ci ribarta. Shi kuwa abin bai gamshe shi ba. Zane goma sha biyu ba su ba da labari. Yarinya ce ke tsallen igiya, ko mai wasa yana cilla ƙwallo, su yi ta maimaitawa har mai juyawa ya gaji. Reno so ya ke labari ya fara, ya tafi, ya ƙare, kuma ɗaki guda na mutane su gani tare. Ya shekara fiye da goma yana fama, har ran 1 ga Disamba, 1888, ya yi rajistar na'urar da ya kira Théâtre Optique.

Ga yadda ta ke. Kowane hoto da hannunsa ya ke zanawa, ya shafa launi, a bisa wani ɗan falle mai kama da gilashi, faɗinsa inci biyu da 'yan kai. Sa'an nan ya jera su ɗaruruwa cikin doguwar ɗamara, ya naɗe a jikin ƙwarya guda, tana warwarewa zuwa ɗaya. Tsakanin kowane hoto da na gaba ya huda rami, ramin yana shiga haƙorin wata babbar ƙafa mai juya madubai, don kada hoto ya kauce wa madubinsa. Wannan hudar ita ce daga baya dukan fim na duniya ya dogara a kanta. Fitila guda tana haska mutanen cikin labarin, wata fitila dabam tana jefa wurin da su ke, kamar lambu ko bakin teku. Ta haka ba sai ya sake zana bango da itatuwa sau ɗari biyar ba. Masu sana'ar a Amurka ba su kama wannan hanya ta raba mutum da bayansa ba sai wajen 1914.

Ran 28 ga Oktoba, 1892, ya fara nuna wasansa a gidan kallo na Grévin. Labaru uku ne, na wani mai ban dariya da karnukansa, da na wani mashayi a kantin giya, da kuma Pauvre Pierrot, watau Piyero abin tausayi. Wannan na ƙarshe labarin saurayi ne da ya zo da dare yana yi wa budurwa waƙa a ƙofar gida, bai sani ba abokin takararsa ya riga shi tsallake katanga yana ɓoye, ya yi ta zungurinsa da sanda har tsoro ya kore shi. Wani mai suna Gaston Paulin ya tsara kiɗan da a ke yi da fiyano a wurin. Har ƙarar bugun sanda Reno ya yi wa dabara, ya maƙala ƙananan ƙarafa a jikin ɗamarar, in sun iso sai lantarki ya sa abu ya buga daidai lokacin.

A nan ne ya kamata masu koyon zane mai motsi su tsaya su yi lissafi. Pauvre Pierrot hoto 500 ne. Majigi na yau yana cin hoto 24 cikin daƙiƙa guda, watau da za a saka hotunan nan a ciki, da daƙiƙa 21 sun ishe su. Amma a hannun Reno wasan ya kan kai kusan minti 15. Ina sauran ya fito? Daga hannunsa. Shi ke tsaye bayan ƙyallen yana juya ƙwaryoyin. Ya kan rage sauri in saurayin yana waƙa, ya tsai da shi cik in ya firgita, ya mai da ɗamara baya ya sake kawo ta in ya ji mutane suna dariya, har sanda guda ta zama duka uku. Ashe rai ba a yawan zane ya ke ba, a lokaci ya ke, watau sanin inda za a yi sauri, da inda za a dakata, da tsawon dakatawar. Yaron da ya buɗe kwamfuta yau, ta cika masa hotunan da ke tsakanin motsi biyu, sau da yawa sai ka ga mutumin nasa yana shawagi kamar ba nauyi a jikinsa, gama na'ura ta raba lokacin daidai wa daida, alhali kuwa ba mai rai da ke motsi haka. Maganin wannan ciwo Reno ya san shi tun kafin a yi fim, ya kuma gwada shi a gaban mutane sau dubbai. Abin da ya sa ke nan mu ke ganin wanda bai kalli aikin magabata ba zai ɓata shekaru yana neman abin da an daɗe da samowa.

Amma fa sharuɗɗan da ya sa wa hannu da masu gidan Grévin sun ɗaure shi tamau. Ana ba shi faran 500 a wata da kashi ɗaya bisa goma na kuɗin ƙofa, shi kuwa dole ya juya na'urar da kansa kullum, ya gyara ɗamarar in ta lalace, ya kuma kawo sababbin labaru, ba shi da ikon nunawa a wani wuri. Duk da haka cikin 1894 ya kawo Autour d'une cabine, mai hoto 636, labarin masu wanka a bakin teku da wani ɗan leƙen asiri da ya sha shuri. Kafin a rufe wasan a farkon 1900 an yi shi sau 12,800, mutum kamar 500,000 suka gani.

Abin da ya kā da shi ya zo ne ran 28 ga Disamba, 1895, sa'ad da wasu 'yan'uwa biyu, su Lumiyar, suka fara nuna hoto mai motsi na kamara don kuɗi, a cikin Faris ɗin. Nasu da kamara a ke ɗauka cikin minti guda, a wanke, a buga kofe ko nawa a ke so, a aika ƙasa ƙasa. Na Reno kuwa watanni ya kan yi yana zana guda, kuma guda ɗin ce tak a duniya, ba ta tafiya sai da shi. Ya gwada ɗaukan 'yan wasa da kamara yana shafa wa hotunan launi, bai hana komi ba. Nan ma akwai abin lura ga masu sana'a. Ba kyau aka fi shi ba, nasa ma da launi, na su Lumiyar baƙi da fari. Hanyar yaɗuwa aka fi shi.

Bayan an sallame shi ya koma neman majigin da zai nuna abu da kaurinsa kamar a taɓa, ya yi rajista cikin 1907, bai sami mai zuba kuɗi ba. Cikin 1908 wani Bafaranshe, Emil Kol, ya fitar da zane mai motsi a kan fim, sana'ar ta kama hanyar da ta kai ga Disney. Ba wanda ya waiwayi Reno. Wajen 1910 baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, ya farfasa na'urarsa, ya kwashi ɗamarun da ya ɓata shekaru yana zanawa ya zuba a kogin Sen. Biyu kaɗai suka tsira, na Piyero da na bakin teku, sai ɗan guntun na mashayin.

Cikin 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, aka kai shi gidan gajiyayyu a Ivry. Can ya mutu ran 9 ga Janairu, 1918, yana da shekara 73, ba shi da ko anini.

Daga baya an ɗauki ɗamarun nan biyu a fim, yanzu kowa na iya ganinsu a intanet, ko da ya ke ba hannun mai su a kai. Tun 2002 ƙungiyar masu zane mai motsi ta duniya ta keɓe ran 28 ga Oktoba ta zama ranar sana'arsu, cikin 2015 kuma UNESCO ta shigar da abin da ya rage na aikinsa cikin littafinta na kayan tarihin duniya.