Taƙaitaccen Tarihin Agatha Christie da Tsohuwarta Mai Bin Diddigi

An haifi Agatha Christie a garin Torquay na ƙasar Ingila ran 15 ga watan Satumba, 1890. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na wani asibiti. A nan ta naƙalci sha'anin guba, ilimin da ya yi mata rana sa'ad da ta kama alƙalami. Littafinta na farko ya fito a 1920, kuma kafin mutuwarta ran 12 ga Janairu, 1976, ta rubuta littattafai 66 na binciken laifi.

Daga cikin taurarinta, wadda ta fi cancantar nazari ita ce Miss Marple, wata tsohuwa mazauniyar ƙauye da ta fara bayyana a 1927. Ba ta da bindiga balle muƙami. Makaminta shi ne sanin halin maƙwabta. Gidan talabijin na BBC ya mayar da labaranta wasan kwaikwayo daga 1984 zuwa 1992, suka karɓu ƙwarai.

To, yaya labarin kisa zai zama abin nishaɗi? Dalili shi ne, ba a tsananta nuna jini, sai dai a bai wa mai kallo kacici-kacici, har asiri ya tonu, ƙauye ya koma zaman lafiya. Duk wanda ya tashi a unguwa irin Yakasai ya san tsohuwar da asalin kowane gida yake tafin hannunta. Ashe kuwa marubutan wasannin Hausa suna da tasu tauraruwar a gida, saura su ba ta fili.