Anita Harding

Anita Elizabeth Harding (17 ga Satumba, 1952 – 11 ga Satumba, 1995) likita ce 'yar Birtaniya, kuma farfesa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Cibiyar Nazarin Jijiyoyi da ke Queen Square, Landan. An fi saninta da rarrabe cututtukan jijiya da ake gada daga iyaye, musamman ataksiya. Tana kuma cikin mutum uku da suka fara nuna cewa lalacewar DNA na mitokondiriya yana haddasa cuta ga ɗan Adam.

A Hausa kalmar jijiya tana nufin hanyar jini, tana nufin igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Ma'ana ta uku ake nufi a wannan maƙala.

Karatu da aure

Ta yi sakandare a makarantar 'yan mata ta King Edward VI da ke Birmingham, sannan ta karanta likitanci a makarantar asibitin Royal Free a Landan, ta kammala a 1975. A 1977 ta auri P. K. Thomas, shi ma likitan jijiyoyi ne. A 1980 su biyun suka wallafa nazari a mujallar Brain kan mutum 228 masu cutar Charcot-Marie-Tooth, wadda ke sa tsokar ƙafa da ta hannu ta riƙa ramewa sannu a hankali.

Aikinta a kan ataksiya

Ataksiya kalma ce da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta rashin tsari. Mai ita yakan yi tangaɗi in yana tafiya, hannunsa ya kauce wa abin da ya nufa, harshensa ya yi nauyi har gaɓoɓin kalma su riƙa fita a rarrabe. Yawanci matsalar tana cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, ko a laka.

Kafin zuwan Harding, wannan fanni a cakuɗe yake. Cututtukan suna ɗauke da sunayen likitocin ƙarni na 19, irin su Friedreich da Marie, kuma an dogara ƙwarai kan abin da aka gani a ƙwaƙwalwar majinyaci bayan ya mutu, wanda ba ya amfanar mai rai. Harding ta bi iyalai ɗaya bayan ɗaya, ta duba maras lafiya da 'yan uwansa, ta rubuta shekarun da ciwon ya fara da yadda yake bin zuri'a. A 1981 ta wallafa sakamakon iyalai 90 masu ataksiyar Friedreich, ta kuma fitar da alamomin gane ta: farawa kafin shekara 25, tangaɗin da ke ƙaruwa, da rashin zaburar ƙafa idan likita ya ƙwanƙwasa gwiwa. Nauyin harshe yakan biyo baya.

Ana gadon wannan cuta kamar yadda ake gadon sikila: uwa da uba suna ɗauke da ita ba su sani ba, sai ta fito a jikin ɗan da ya karɓa daga ɓangarorin biyu. Shi ya sa ire-irenta suka fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, ko da yake ita ta Friedreich ba a cika samunta a Afirka kudu da Sahara ba.

A 1983 ta fitar da sabon rabe-rabe a mujallar Lancet, a 1984 kuma ta buga littafinta The Hereditary Ataxias and Related Disorders. Ataksiyar da ake gada daga ɓangare ɗaya kaɗai ta kasa ta rukuni-rukuni, uku daga ciki suka zauna a bakin likitoci: na farko mai haɗe da wasu alamomi kamar shanyewar motsin ido, na biyu mai lalata gani, na uku kuma tangaɗi zalla da ke zuwa bayan an manyanta. Ta yi wannan duka babu gwajin ƙwayar gado ko ɗaya a hannunta.

A 1985, shekarar da ta kafa rukunin farko na masu binciken gadon cututtukan jijiya a Birtaniya, ta ba da rahoton wata ataksiya mai kama da ta Friedreich wadda ƙarancin bitamin E ke jawowa. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wannan ana iya tare ta da bitamin.

Mitokondiriya

Mitokondiriya su ne ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi. Suna da nasu DNA, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. A 1988 Harding da Ian Holt da John Morgan-Hughes suka nuna a mujallar Nature cewa a cikin majinyata 25 masu raunin tsoka, 9 sun rasa wani yanki na wannan DNA a tsokarsu, alhali a jininsu ba a ga giɓin ba. Wato mai kyau da gurɓatacce suna iya zama a jiki ɗaya, yawansu kuma ya bambanta daga sashe zuwa sashe. A 1992 ta bayyana wasu mata masu makantar Leber haɗe da ciwon laka da ƙwaƙwalwa, abin da ake kira cutar Harding a yau.

Mutuwa

Ciwon dajin hanji ne ya yi ajalinta, saura kwana shida ta cika shekara 43, tana gab da hawa kujerar shugabancin sashenta a Queen Square.

Ƙofofin ayon da abin da ya biyo baya

A bangon ƙwayoyin jijiya da na tsoka akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su rufe domin sinadarai masu cajin lantarki, wato ayon, kamar sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, su shiga ko su fita. Da wannan shiga da fita saƙo ke tafiya. Idan aka gaji ƙofa mai aibi, sau da yawa ciwon yakan zo ne lokaci-lokaci: mutum ya tashi garau, can sai tangaɗi ya kama shi, bayan mintoci ko sa'o'i ya sake shi.

Ba Harding ce ta gano waɗannan ƙofofi ba, amma wasu daga cikin ataksiyoyin da ta tsara a nan tushensu ya bayyana. A 1994 aka danganta ataksiya mai zuwa ta tafi nau'i na 1 da ƙofar fotasiyam. A 1996, shekara guda bayan mutuwarta, aka gano ƙwayar gadon ataksiyar Friedreich, aka kuma danganta nau'i na 2 na mai zuwa ta tafi da ƙofar kalsiyam ta CACNA1A. Masu wannan nau'in da dama suna samun sauƙi da maganin asetazolamaid. A 1997 aka gano cewa wani aibi dabam a wannan ƙofa shi ke haddasa SCA6, ɗaya daga cikin cututtukan da ke cikin rukuninta na uku.