Tarihin Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi: Malamin da Ya Kai Zancen Ƙuri'a Kan Mumbari

A cikin jerin tarihin fitattun mutanen da suka rayu a Jihar Kaduna, a wannan karo mun kawo wa jama'a rayuwar Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya rasu a shekarar 1992. Mun fi mai da hankali ga abin da ya yi da abin da ya faɗa a lokutan zaɓe, domin har gobe hakimai, dagatai, kansiloli da limamai na fuskantar tambayar da ya fuskanta, wato ina iyakar malamin addini idan guguwar siyasa ta kaɗa.

Malam ya yi zamansa da karantarwarsa a arewacin Kogin Kaduna, a masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki. Amma muryarsa ta haye gada. A zamaninsa, unguwannin Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa cike suke da ma'aikatan masaƙu, tun daga masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, da kuma na kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975. Musulmi da Kirista daga kowane lungu na ƙasar nan suna haya gida ɗaya, suna shiga aiki ƙofa ɗaya. Idan akwatin rediyo ya ɗauko tafsirin Malam a tsakar gida, wanda ya kunna da maƙwabcinsa duk suna ji. Shi ya sa maganganunsa kan zaɓe suka yi nauyi a kudancin kogi kamar yadda suka yi a arewacinsa, ko da yake ba kowa ya ji su da kunne ɗaya ba.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Abubakar a garin Gummi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, a farkon shekarun 1920. Mahaifinsa, Malam Mahmud, shi ne alƙalin garin, kuma a hannunsa ya fara karatun Alƙur'ani da fiƙihu. Ya yi elemantare a Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Koyon Aikin Alƙalanci ta Kano, inda ya kammala a 1947.

Bayan ɗan gajeren aiki a kotun alƙali a Sakkwato, koyarwa ta kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, inda ya haɗu da Malam Aminu Kano. A nan ne halinsa ya fara bayyana. Ya ga limamin garin yana yin taimama alhali ga ruwa, sai ya fito fili ya ce wannan bai inganta ba. Magana ta kai gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka bincika, aka ba matashin malamin gaskiya. Wanda ya san yadda sarauta da limanci suke a ƙasar Sakkwato a wancan zamani zai san ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne yaro ɗan makaranta ya ja da limamin gari.

A tsakiyar shekarun 1950 ya tafi ƙarin karatu a Bakht er-Ruda ta ƙasar Sudan. A wajen aikin Hajji ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya lura da iliminsa da ƙwarewarsa a harshen Larabci, ya jawo shi a jika. Ya yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, a 1960 aka naɗa shi mataimakin Alƙalin Alƙalai, a 1962 kuma ya hau kujerar kanta. A wannan shekara ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna da hannunsa a ciki, kuma yana cikin waɗanda aka kafa ƙungiyar Rabiɗa da su a Makka.

Bayan Sardauna

Juyin mulkin ranar 15 ga Janairu, 1966 ya raba Malam da babban majiɓincinsa. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka yi wa Sardauna sutura a Kaduna. Shekara guda bayan haka aka rushe Jihar Arewa, aka yanka ta jihohi shida. A ganinmu, nan ne tushen duk abin da ya faɗa daga baya game da siyasa. Ya gani da idonsa yadda abin da aka gina cikin shekaru da ƙarfin mulki yake wargajewa a dare ɗaya idan mulkin ya kuɓuce.

Daga nan ya juya ga talakawa kai tsaye. Tafsirinsa na watan azumi a masallacin Sultan Bello ya shiga Rediyon Kaduna, wanda ake kamawa har Nijar, Kamaru da Gana. A 1972 ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, wanda ya soki wasu ayyukan ɗariƙun sufaye, ya kuma jawo muhawarar da ta raba gidaje da masallatai. A 1978 almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Malam ya rubuta tafsirin Raddul Azhan da Larabci, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, a 1987 kuma aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal saboda hidima ga Musulunci.

Malam da akwatin zaɓe

Kafin mu zo ga maganar da ta fi shahara, ya kamata mai karatu ya tuna yadda al'amari yake. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a Jamhuriya ta Farko, duk da gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri a kan haka. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. To amma doka daban, al'ada daban. Magidanta da yawa na ganin abin kunya ne matar kulle ta fita ta bi layi a gaban maza, wasu malamai kuma na ganin zaɓe gaba ɗayansa harkar Nasara ce, wadda mumini ba shi da ruwa da ita.

Jihar Kaduna kanta ta ɗanɗana zafin siyasar wancan lokaci. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci kujerar gwamna, NPN ta kwashe rinjaye a majalisa, aka yi ta kai ruwa rana har aka tsige shi a watan Yunin 1981.

A cikin wannan yanayi, ana shirin zaɓen 1983, Malam ya fito ya bayyana cewa siyasa ta fi salla muhimmanci. Garin ya ɗauki zafi. Masu adawa da shi suka ce ya taɓa ginshiƙin addini, wasu ma suka ce ya fita daga cikinsa. Bayanin da ya yi shi ne, wanda ya bar salla kansa ya cuta, kuma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma jama'ar da ta yi sakaci har azzalumi ya hau mulki ta cuci kowa da kowa, kuma mai mulki yana da ikon da zai hana a yi sallar ma cikin natsuwa. A kan wannan hujja ya kira magidanta su bar matansu su fita su yi rajista, su kuma jefa ƙuri'a, ya nuna cewa lalura ta halatta fitar.

Mun daɗe a kan wannan gaɓa domin a nan ne alherinsa ya fi fitowa. Ya ɗauke ƙuri'a daga matsayin abin da ɗan siyasa ke roƙo da atamfa da sabulu, ya mayar da ita nauyi a wuyan mai ita, abin da za a tambaye shi. Ya kuma buɗe wa mata ƙofar da 'yan siyasa suka kasa buɗewa, domin magidancin da ba zai saurari ɗan takara ba yana sauraron malaminsa. Makarantun Islamiyya na matan aure da almajiransa suka yawaita buɗewa sun ƙara faɗaɗa ƙofar. Dogayen layukan mata da ake gani a rumfunan zaɓe na ƙauyukanmu suna da tarihi, kuma sunan Malam na cikinsa.

Sai dai akwai abin da masu suka suka riƙe, kuma ba za mu ɓoye shi ba. An san Malam da kusanci da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, don haka 'yan PRP da sauran 'yan adawa suka ɗauki kiran nasa a matsayin tara wa NPN ƙuri'a. Zaɓen 1983 ya zo da ƙorafin maguɗi daga sassa da dama na ƙasar, kuma a ranar 31 ga Disamba na shekarar sojoji suka kifar da gwamnatin. An koya wa jama'a cewa fita zaɓe wajibi ne, amma tsare ƙuri'ar bayan an jefa ta, da hana sayenta da sace ta, bai samu irin wannan murya mai ƙarfi daga kan mumbari ba.

Shekarar 1987

Babu shekarar da ta gwada malaman Kaduna, na masallaci da na coci, kamar 1987. Tun 1986 ake ta ce-ce-ku-ce kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Rauni bai warke ba sai ga hirar da Malam ya yi da mujallar Quality, inda ya nuna cewa Musulmi ba za su amince da shugabancin wanda ba Musulmi ba, kuma idan aka kasa daidaitawa a kan haka ƙasar na iya rabuwa. Kiristoci sun ji zafin maganar ƙwarai, musamman a unguwannin da suke cuɗanye da Musulmi a kudancin kogi, inda mutum zai karanta wannan a jarida da safe, da rana kuma ya tsaya kan inji ɗaya da almajirin mai maganar.

A watan Disamba aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ba tare da jam'iyyu ba, ƙarƙashin mulkin Janar Ibrahim Babangida. A lokacin Kaduna ƙaramar hukuma ɗaya ce, ta haɗa tsallaken kogi biyu, domin sai a 1991 aka raba ta Arewa da Kudu, hedikwatar ta Kudu a Makera. Da babu jam'iyya, sai masallaci da coci suka maye gurbinta. Shugabannin Kirista suka haɗa kan mabiyansu, ƙuri'ar Musulmi kuwa ta rabu tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa, ɗan takara Kirista ya lashe kujerar shugaban ƙaramar hukumar. Abin da wa'azin shekaru bai yi ba sai sakamakon zaɓe ya yi shi: a farkon 1988 aka ga Malam da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, jagoran Tijjaniyya kuma babban abokin muhawararsa, sun zauna sun yi sulhu a bainar jama'a. Sulhun bai yi tsawon rai ba. Abin da aka ƙulla don tsoron faɗuwa zaɓe, da wuya ya wuce lokacin zaɓe.

Hukuncinmu a nan shi ne, maganar 1987 ba ta yi wa garin Kaduna amfani ba, kuma tarihi bai gaskata ta ba. A 1999 Cif Olusegun Obasanjo, Kirista daga Kudu, ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'un Arewa, ciki har da na Jihar Kaduna, ƙasa kuwa ba ta rabu ba. Abin da ya rabu shi ne garin Kaduna. Rikicin Shari'a na 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, sun sa iyalai da dama sun kwashe kayansu sun haye gada, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, har kogin da Allah Ya yi don shayar da gari ya zama iyaka. Zalunci ne a ɗora wa mutum ɗaya alhakin abin da ya faru shekaru bayan rasuwarsa, alhali akwai talauci, da rufewar masaƙun Kakuri da ta bar dubban matasa ba aiki, da 'yan siyasar da suka iya hura wuta. Amma al'adar ƙirga ƙuri'a da addini ta kafu ne a wancan zamani, kuma malaman ɓangarorin biyu duk sun sa hannu. Sai a ranar 22 ga Agusta, 2002, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, shugabannin addinan biyu suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, bisa ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda su kansu a dā abokan gaba ne.

Halinsa da rasuwarsa

Masoya da masu suka sun haɗu a kan abu guda: Malam bai tara dukiya ba. Ya yi mu'amala da sarakunan Saudiyya da shugabannin Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, kuɗi masu yawa sun bi ta hannunsa zuwa masallatai, makarantu da mabuƙata, ƙofar gidansa a buɗe take ga mai tambaya da mai neman taimako. Wannan ne ya sa ko waɗanda suka ce ya karkata ga wata jam'iyya ba su iya cewa an saye shi ba. Ya bar tarihin rayuwarsa a littafin da ya yi tare da Isma'ila Abubakar Tsiga, wanda ya fito a shekarar rasuwarsa.

Allah Ya yi masa rasuwa a wani asibiti a birnin Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, bayan fama da cutar sankarar jini, watanni kaɗan bayan rikicin Zangon Kataf, kuma wata tara kafin zaɓen 12 ga Yuni, 1993. An kawo gawarsa Kaduna, inda ɗimbin jama'a daga ciki da wajen ƙasar nan suka halarci jana'izarsa. Almajirinsa Sheikh Lawal Abubakar ya gaje shi a kujerar tafsiri ta masallacin Sultan Bello, daga bisani kuma ɗansa, Dokta Ahmad Gumi, ya hau ta. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.